Faifai Ɗaya Ya Mutu, Me Za A Yi Da Sauran? Yadda Ake Gano Ciwon Ma'ajiyar Kwamfuta Kafin Bayanai Su Salwanta

A watan Nuwamban 2019, kamfanin Hewlett Packard Enterprise, wanda aka fi sani da HPE, ya fitar da wata sanarwa da ta hana masu kula da manyan kwamfutoci barci. Sanarwar ta ce wasu nau'o'in faifan ajiya na SSD da kamfanin ya sayar za su mutu murus da zarar sun cika awa 32,768 a kunne, wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8. Babu jinya, babu gargaɗi. Da faifan da abin da ke cikinsa, ba wanda za a iya cetowa. Mafita ɗaya ce: a sabunta manhajar da ke cikin faifan kafin wa'adin ya cika.

Masu lissafin kwamfuta na ganin lambar suka gane ta. Ita ake samu idan aka jera 2 sau 15 aka ninka su da juna, kuma a nan ne wani ƙaramin gurbin ƙidaya ke cika ya tumbatsa. Amma abin da ya fi tayar da hankali yana can ƙasan sanarwar: faifan da aka kunna su rana ɗaya za su mutu kusan a tare. Kamfanin da ya jera faifai takwas a babbar kwamfuta ɗaya don idan ɗaya ya faɗi sauran su riƙe, zai wayi gari duka takwas ɗin sun tafi. Ba a rufa wata biyar ba, a Maris ɗin 2020, HPE ya sake fitar da makamanciyar sanarwar, a wannan karon wa'adin awa 40,000 ne.

Irin wannan mutuwar gayya ba kasafai take faruwa ba. Abin da aka saba gani shi ne faifai ɗaya ya fara ciwo a hankali, ya yi ta ba da alama ba mai kula, har ranar da ya faɗi. Kuma duk wanda ya daɗe a sana'ar ceto bayanai zai gaya maka cewa mutuwar faifan farko ba ita ta fi cinye bayanan mutane ba. Ɓarnar takan auku ne a 'yan sa'o'in da suka biyo baya, lokacin da hankali ya tashi, maigida na tsaye a kan injiniya, hannu kuma ya riga tunani.

Abin da ke cikin akwatin

Faifan ajiya na farko da ya shiga kasuwa kamfanin IBM ne ya ƙera shi a 1956. Farantai 50 ne a jere, faɗin kowanne inci 24, kuma abin da suke iya riƙewa gaba ɗaya bai kai megabait 5 ba, wato hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani. Na yau yakan riƙe terabait 20 ko fiye a akwatin da bai wuce tafin hannu ba, amma dabarar ba ta sauya ba. Farantai ne masu rufin maganaɗisu suna juyawa, galibi sau 5,400 ko 7,200 a minti. A kan kowace fuska akwai wata 'yar allura a ƙarshen siririn hannu, ita ke rubutu da karatu.

Allurar ba ta taɓa farantin. Iskar da juyawar ke tayarwa ce ke ɗauke da ita, tana shawagi a tazarar da ta gaza kaurin gashin mutum sau dubbai. A faifai mai gudun 7,200, farantin na zagayawa sau 120 a daƙiƙa ɗaya. Idan aka buge kwamfutar, ko ƙwayar ƙura ta gitta, allurar ta dafa farantin, sai ta kankare rufin. Garin da ta kankaro ya watsu a ciki, ya sake shiga ƙarƙashinta, ya jawo wani karcen. Shi ya sa faifan da ya fara lalacewa ta wannan hanya kowane minti da ya yi a kunne ƙara masa ciwo yake yi.

Ko ƙara kaɗai na iya rikita shi. A 2008 wani injiniyan kamfanin Sun Microsystems, Brendan Gregg, ya nuna a bidiyo yadda ihu a gaban jerin faifai ke sa su jinkirin aiki nan take. A Satumbar 2016 bankin ING a Bukares, babban birnin Romaniya, ya gwada na'urar kashe gobara mai fesa iskar gas a cibiyar bayanansa. Ƙarar fitar gas ɗin ta lalata faifai da dama, katunan cirar kuɗi suka daina aiki, aka shafe wajen awa 10 kafin al'amura su daidaita.

Shi SSD babu abin da ke juyawa a cikinsa. Bayanai na zaune ne a ƙwayoyin lantarki, kuma kowace ƙwaya na da iyakar yawan rubutun da za ta iya ɗauka kafin ta gaji. Ba ya jin bugu kamar ɗan'uwansa, amma nasa ciwon ya fi zuwa ba sallama. Yau yana aiki, gobe kwamfuta ba ta ma san da zamansa ba.

Kunne kafin sukuddireba

"Injiniya, ai jiya lafiya ƙalau na kashe ta." Kusan kowane mai gyara ya ji wannan magana. Sai an zauna an yi tambaya a tsanake labarin ke fitowa: ashe ta yi makonni tana daskarewa idan aka buɗe wata folda, kwafin da ya saba ɗaukar minti biyu ya koma rabin awa, wani hoto ya buɗe rabinsa toka-toka, wata rana ma sai da aka kunna ta sau uku kafin ta tashi. Duk waɗannan alamu ne na faifan da ke fama da wasu gurabe, yana maimaita karatu a wuri ɗaya har ya samu ko ya haƙura.

Sauti ma na da nasa bayanin. Ƙas-ƙas-ƙas mai maimaituwa a kan ƙa'ida yana nufin allurar ta fita neman hanyarta a kan farantin ba ta samu ba, ta koma ta sake fitowa. Ɗan kuka siriri ba tare da an ji farantai sun tashi ba yakan nuna allura ta manne a jikin faranti ko injin juyawa ya cije. Ƙarar gurza ita ce mafi muni, ƙarfe ne ke cin faranti. Shiru ɗungum, musamman da warin ƙuna bayan wuta ta yi tsalle, yakan kai zargi ga allon lantarkin da ke bayan faifan.

Abin da wannan rarrabewa ke tantancewa shi ne wa ya kamata ya taɓa faifan. Idan farantai na juyawa lami lafiya kuma kwamfuta na ganinsa da sunansa da girmansa daidai, mai gyara na iya gwada sa'arsa. Idan yana ƙas-ƙas ko gurza, a kashe shi nan take. Babu manhajar da ke gyara karyayyar allura. Wannan aikin masu ɗaki na musamman ne, inda ake tace iska don kada ƙura ta sauka a kan faranti idan an buɗe murfi.

Abin da faifai ke faɗa game da kansa

Tun tsakiyar shekarun 1990 ake ƙera faifai da tsarin lura da lafiyar kansu, wanda ake kira SMART. Faifan na ƙirga abubuwan da ke samunsa yana adanawa, kuma ana karanta su da manhajoji na kyauta irin su smartctl ko CrystalDiskInfo. Jerin na da tsawo, amma layuka kaɗan ne ke da nauyi. Lamba 5 na nuna gurabe nawa suka lalace har faifan ya maye su da na ajiya. Lamba 197 na nuna guraben da ya kasa karantawa yana jiran ya ga ko za su gyaru. Lamba 198 da 187 na ƙirga kurakuran da suka gagari gyara. Lamba 9 kuma awannin da ya yi a kunne tun da aka ƙera shi.

Kamfanin Backblaze na Amurka, wanda tun 2013 yake tattara alƙaluman dubban faifan da yake amfani da su yana wallafawa, ya ce lambobi biyar yake sa wa ido: 5 da 187 da 188 da 197 da 198. A wani nazari da ya fitar a 2016, kimanin kashi 77 cikin 100 na faifan da suka mutu sun nuna alama a aƙalla ɗaya daga cikin biyar ɗin, alhali a cikin masu lafiya kashi 4 ne kacal suka nuna.

Google ya riga shi. A 2007 injiniyoyinsa uku, Eduardo Pinheiro da Wolf-Dietrich Weber da Luiz André Barroso, suka bi diddigin faifai sama da 100,000. Sun gano cewa faifan da aka kama kuskuren farko a binciken fuskar farantinsa, yiwuwar mutuwarsa cikin kwana 60 ta ninka ta sauran sau 39. Amma sun gano wani abu kuma mai sanyaya gwiwa: kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alamar kuskure a SMART ba ko guda. Ma'ana, idan SMART ya ce akwai matsala, a gaskata shi. Idan ya ce lafiya lau, ba rantsuwa ya yi ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dogaro da hukuncin da ke saman rahoton, inda ake rubuta cewa faifan ya ci jarrabawa. Masu ƙerawa kan sa ma'aunin faɗuwa can nesa, ta yadda faifai mai ɗaruruwan lalatattun gurabe zai iya ci gaba da cewa lafiyarsa ƙalau. Ɗanyen adadin ake dubawa, kuma motsinsa ya fi yawansa muhimmanci. Faifan da lamba 5 ɗinsa ta tsaya a 8 shekara biyu bai kai wanda ta tashi daga 0 zuwa 8 a mako guda haɗari ba.

Ba kullum faifan ne mai laifi ba

Akwai layi ɗaya a SMART da ke wanke faifai daga zargi, lamba 199. Tana ƙirga saƙonnin da suka gurɓata a hanya tsakanin faifan da kwamfutar. Idan ita ke hawa sauran na zaune a sifili, to kebul ne ya saki ko bakinsa ya yi datti. Mutane da yawa sun sayi sabon faifai, suka jona shi da tsohon kebul, matsalar ta dawo bayan kwana biyu.

Wani nazari da aka gabatar a 2008 kan na'urorin ajiya na kamfanin NetApp, wanda ya shafi faifai kusan miliyan 1.8, ya nuna cewa su faifan kansu ke da alhakin kashi 20 zuwa 55 cikin 100 na matsalolin, yayin da kebul da mahaɗai da akwatunan da ake zura faifan ke da kashi 27 zuwa 68. Don haka ƙwararren mai gyara kan tambayi kansa: ciwon faifan yake bi, ko ramin da aka zura shi? Idan an sauya faifai sau biyu a rami ɗaya duka sun faɗi, ramin ne abin tuhuma. Idan faifai uku suka ɓace a daƙiƙa ɗaya, da wuya a ce ajalinsu ne ya zo tare. Akwatin wuta ko katin da ke sarrafa su za a fara dubawa.

A nan ne yanayinmu ke shigowa. Ofishin da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a yini, ana sauyawa daga layin gwamnati zuwa janareta, yana ba faifai wahalar da ba sa sha a cibiyoyin bayanan Turai. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu na iya barin gurbi rabi a rubuce, ya bayyana a lamba 197 alhali farantin lafiyarsa lau. Ƙurar hunturu ba ta cika kaiwa ga farantai ba, domin akwatin a rufe yake da matata, amma takan toshe fanka da kafofin iska, zafin bazara kuma ya ƙarasa aikin. Na'urar UPS mai batir mai rai da share ƙura a kai a kai sun fi yawancin gyare-gyare araha.

Dabarar da ta fito daga Berkeley

A 1988 wasu masana uku a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka wallafa maƙalar da ta raɗa wa RAID suna. Shawararsu ita ce a haɗa ƙananan faifai masu araha su yi aiki tamkar babba guda, a kuma tsara su yadda mutuwar ɗaya ba za ta tsayar da aiki ba.

RAID 0 na yanka bayanai ya rarraba wa faifai don sauri kawai, ɗaya ya faɗi, komai ya tafi. RAID 1 na rubuta abu ɗaya a faifai biyu. RAID 5 kuwa lissafi yake yi. A ce faifai uku na riƙe da 4 da 7 da 2, na huɗu ya riƙe jimlarsu, 13. Idan mai 7 ya mutu, a cire 4 da 2 daga 13, 7 ta dawo. Idan biyu suka mutu, 4 da 13 kaɗai suka rage, an san abin da ya ɓace ya haɗa 9, amma ba mai iya cewa 7 da 2 ne ko 5 da 4. A zahiri wani lissafi ne na daban ake yi a kan sifili da ɗaya, kuma ana juya wurin ajiye jimlar a tsakanin faifan, amma tushen ke nan. RAID 6 na ajiye lissafi iri biyu, don haka yana jure mutuwar faifai biyu. RAID 10 kuma na haɗa tagwaitawa da rarrabawa.

Duk wannan ya ginu ne a kan zaton cewa mutuwar faifai ɗaya ba ta da alaƙa da ta maƙwabcinsa. Bianca Schroeder da shi Garth Gibson, a Jami'ar Carnegie Mellon, sun gwada zaton a 2007 da bayanan faifai kusan 100,000. Suka tarar ana sauya kashi 2 zuwa 4 cikin 100 a shekara a wurare da yawa, alhali alƙaluman masu ƙerawa ba su kai kashi 1 ba. Suka kuma tarar mutuwar na zuwa ne a cunkushe: idan ɗaya ya faɗi, yiwuwar wani ya biyo shi ba da jimawa ba takan ƙaru. Ba abin mamaki ba ne. Kwali ɗaya aka ciro su, rana ɗaya aka kunna su, zafi ɗaya da girgiza ɗaya suke sha.

Sa'o'in da suka fi haɗari

A ɗauki ƙaramin ofis mai akwatin ajiya na faifai huɗu, kowanne terabait 8, a tsarin RAID 5. Wata safiya fitilar rami ɗaya ta koma ja. A kwamfuta mai Linux, idan aka buɗe rahoton jerin faifan, inda aka saba ganin harafin U guda huɗu a jere sai a ga uku, da ɗan layi a gurbin na huɗun. Fayiloli na buɗewa, ma'aikata na aikinsu, ba wanda ya ji a jikinsa. Wannan shi ne amfanin RAID, kuma shi ne tarkonsa. Mota ce da ta riga ta ɗaura safaya: tana tafiya, amma babu sauran taya a but.

Da an zura sabon faifai, na'urar za ta fara sake gini. Don ta cike terabait 8 na sabon, dole ta karanta kowane gurbi na sauran ukun, terabait 24, ba tare da ta tsallake ko ɗaya ba. A gudun megabait 150 a daƙiƙa, aikin zai ci kusan awa 15, idan ba wanda ke amfani da akwatin. Idan ana aiki da shi, kwanaki ne. Tsofaffin faifai uku da suka saba aiki jefi-jefi za su yi ta gudu ba hutu.

Takardun faifan gida da yawa na cewa ana iya samun kuskuren karatu ɗaya da ba ya gyaruwa a cikin kowane kimanin terabait 12.5 da aka karanta. Yawancin faifai sun fi abin da takardar ta faɗa inganci, amma lambar ta nuna inda haɗarin yake. Gurbin da ya lalace watanni shida da suka wuce, a cikin fayil ɗin da ba a buɗewa, yana nan kwance ba wanda ya sani. Ranar sake gini ake cin karo da shi. Wasu katunan sarrafawa, da sun gamu da shi, sai su kori faifan na biyu daga jerin. Biyu sun fita ke nan, lissafi ya watse.

Wani lokaci ma lafiyayyen faifai ake kora. Faifan da aka ƙera don kwamfutar tebur kan daɗe yana kokawa da gurbi ɗaya, har ya wuce daƙiƙa 30 da Linux ke jira, sai a ɗauka ya mutu. Waɗanda aka ƙera don RAID sukan haƙura bayan daƙiƙa 7, su bar jerin ya cike gurbin daga lissafi. Maganin ɓoyayyun gurabe kuwa shi ne sintiri, wato a sa na'urar ta riƙa karanta dukkan faifan lokaci-lokaci tun suna cike, ta gyara abin da ta tarar. Tsarin Debian na Linux kan yi haka da kansa a Lahadin farko ta kowane wata.

Sannan ga kuskuren hannu. Lambar da manhaja ta ba faifai ba lallai ta dace da jerin ramukan ba. Injiniyan da ya zare na uku alhali na biyu ne matacce, da hannunsa ya kashe jerin. Lambar da ke rubuce a jikin faifan ake dubawa a gwada da ta rahoto kafin a taɓa komai.

Kwafi tukuna, gyara daga baya

"Ranka ya daɗe, a ba ni yau in kwafe, gobe a yi gyara." Injiniyan da ya iya faɗa wa maigidansa haka, ya kuma tsaya a kai, ya yi rabin aikin. Muddin jerin na buɗewa, matakin farko shi ne a kwashe bayanai mafi muhimmanci zuwa wani wuri dabam, kafin a fara sake gini.

Idan faifan da kansa ne ke tangal-tangal, ba a kwafe shi fayil bayan fayil, domin kwamfuta za ta cije a gurbin farko da ya lalace tana ta gurzar wurin. Akwai manhaja ta kyauta mai suna GNU ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta, da ke bin wata hanya. Takan fara kwashe duk inda ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake wurare masu wuya, tana rubuta taswirar inda ta bi. Sai ta dawo ta matso gefen kowane rauni daga gaba da baya, daga ƙarshe ta bi ragowar gurbi-gurbi. Idan faifan ya ƙarasa mutuwa ana tsaka da aiki, an riga an tsira da mafi yawa. Idan wuta ta ɗauke, taswirar na nan, a ci gaba daga inda aka tsaya. Duk wani gwaji da za a yi bayan nan, a kan kwafin ake yin sa, asalin kuma a ajiye shi gefe.

Jerin da faifai biyu suka fita daga cikinsa ma bai zama gawa ba tukuna. Kowane faifai na riƙe da ƙidayar sauye-sauyen da ya shaida, kuma manhajar mdadm na nuna ta. Wanda ƙidayarsa ta yi nisa a baya shi ya fara fita, watakila tun watanni, bayanansa sun tsufa. Wanda ya fita daga baya shi ake lallaɓawa a mayar. Idan aka yi akasin haka, tsohon lissafi zai cakuɗa da sabo, fayiloli su buɗe amma cikinsu shirme.

Abubuwan da ba a yi sanannu ne, amma kullum ana yin su. Ba a amsa tayin Windows idan ta ce a yi wa faifan fomatin. Ba a sakar wa faifai mai ciwo chkdsk ko fsck, domin aikinsu daidaita tsarin fayiloli ne ko da za su yar da abin da ba su gane ba. Ba a ƙirƙirar sabon jeri a kan tsohon da fatan zai dawo. Ba a sa faifai a firiza, raɓar da za ta taru a kan faranti ta isa ta gama da shi. Sauya allon lantarki da na wani faifai iri ɗaya ma ba ya wadatarwa a faifan zamani, sai an ɗauke wata 'yar ƙwaya mai riƙe da saitin da ya keɓanta da shi an mayar a sabon allon.

Haƙuri na biya. Bayan kumbon Columbia ya tarwatse a 2003, an tsinci wani faifai mai megabait 400 a ƙone cikin tarkacen. Ƙwararrun kamfanin Kroll Ontrack suka ciro farantansa, suka tsabtace su, suka ceto kusan kashi 99 cikin 100 na sakamakon wani gwajin kimiyya da ke ciki. 

Wanda za a saka a madadinsa

Sabon faifan ma sai an bincike shi. A 2020 kamfanin Western Digital ya amsa cewa wasu faifansa na WD Red, daga terabait 2 zuwa 6, waɗanda ake sayarwa musamman don akwatunan ajiya, suna amfani da salon rubutu na SMR, inda layukan ke hawa kan juna. Irin wannan faifai kan yi nauyi ƙwarai idan aka daɗe ana yi masa rubutu ba tsayawa, wanda shi ne ainihin abin da sake gini ke yi. Masu saye suka kai ƙara kotu, kamfanin kuma ya ware masu tsohon salon CMR da sunan Red Plus.

A farkon 2025 kuma mujallar fasaha ta Heise a Jamus ta bankaɗo yadda ake sayar da tsofaffin faifan Seagate a matsayin sababbi. An goge awanninsu na SMART sun koma sifili, amma wani kundi na biyu da ke cikin faifan, mai suna FARM, ya nuna sun yi dubban awanni suna aiki. Seagate ya ce ba daga hannunsa suka fito ba. Idan haka ta faru a shagunan Turai, mai sayen faifai na hannu a Kano ko Ikeja ya san cewa lamba 9 kaɗai ba hujja ba ce. A yi masa cikakken gwajin karatu daga farko har ƙarshe kafin a ba shi amana, kuma idan da hali kada a cika akwati da faifan da suka fito daga kwali ɗaya.

Saƙon da bai isa ba

Akwai abin da RAID ba ya karewa ko kusa. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, a dukkan faifan yake gogewa lokaci guda. Haka manhajar masu garkuwa da bayanai, haka ɓarawo, haka gobara. A Maris ɗin 2021 wuta ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma abokan cinikin da kwafinsu ke wuri ɗaya da asalin sun rasa duka biyun. Shi ya sa ake bin ƙa'idar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri dabam.

Amma ko kwafin sai da mai kula. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge kusan gigabait 300 na babbar ma'ajiyarsu bisa kuskure. Kamfanin na da hanyoyi biyar na ajiye kwafi, aka duba ba wadda ke aiki yadda ake zato. Ɗaya daga ciki ta daɗe da tsayawa saboda saɓanin manhaja, kuma saƙonnin imel da ke sanar da hakan ana ta mayar da su a hanya, ba su taɓa isa ga kowa ba. Abin da ya cece su wani kwafi ne da injiniyan ya ɗauka da hannunsa awa shida kafin nan. Aikin awa shidan kuwa ya tafi.

Ofishin da ke da akwatin ajiya a lungu zai iya auna kansa da tambayoyi uku, kuma ba ko ɗaya da ke buƙatar sayen sabon kaya. Idan fitila ta koma ja yau da dare, wayar wa za ta yi ƙara, kuma an taɓa gwadawa an ga saƙon ya iso? Yaushe aka yi sintiri na ƙarshe a kan faifan? Yaushe wani ya ɗauko fayil daga kwafin ko-ta-kwana ya buɗe shi ya tabbatar yana karantuwa? Inda amsar kowacce ta zo da sunan mutum da kwanan wata, mutuwar faifai aikin rabin yini ce da kuɗin sabo. Inda kowa ke kallon na kusa da shi kuwa, gara a sa ranar dubawa a cikin makon nan, tun haruffan U ɗin suna nan huɗu.